Fitila a Kusa ko Gobara a Nesa: Yadda Aka Koyi Auna Hasken Tauraron da Ya Fashe

Tsakanin Rajab da Sha'aban na shekara ta 396 bayan Hijira, wato ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayun 1006, wani baƙon tauraro ya bayyana a kudancin sama, a gurbin da ba a taɓa sanin akwai wani abu ba. Cikin waɗanda suka gan shi har da wani saurayi a Misra, Ali bin Ridwan, wanda a lokacin bai fi shekara 18 ba, yana farkon neman ilimi. Daga baya ya zama babban likita a Alƙahira, kuma a sharhin da ya yi wa wani littafin Baɗlaimus kan taurari ya waiwayi abin da ya gani a ƙuruciya. Ya ƙiyasta girman baƙon da ninki biyu da rabi zuwa uku na Zara, haskensa kuma ya ce ya ɗan ɗara rubu'in na wata. Masu lissafin taurari a fadar sarkin Sin sun rubuta cewa da dare ana iya rarrabe abubuwa da haskensa. Wasu limaman Kirista a Suwizalan, inda da ƙyar yake ɗagowa bisa duwatsun kudu, sun ce wata uku suka yi suna ganinsa. Ibn Sina ma ya ambace shi.

Yau an san cewa wani tsohon tauraro ne ya tarwatse, irin fashewar da masana ke kira sufanoba. Abin da ya sa bayanin Ali bin Ridwan ya fi na sauran daraja a wurina shi ne bai tsaya kan mamaki ba, ya ba da adadi. Sai dai adadin nasa na hasken da ya iso idonsa ne. Nawa ne ainihin hasken da abin ya fitar daga inda yake? Wannan tambaya ta ɗauki kusan shekara dubu kafin a samo hanyar amsa ta.

Duk wanda ya taɓa tafiyar dare a karkara ya san matsalar. Ka hango haske can gaba cikin duhu: aci-bal-bal ce a wata bukka kusa da hanya, ko gobarar daji ce a nesa? Ido shi kaɗai ba zai faɗa maka ba. Ƙa'idar dai ba ta da wuya. In nisa ya ninka biyu, hasken da ke iso ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. In ya ninka goma, ya koma ɗaya cikin ɗari. Abubuwa uku ke nan a ɗaure da juna: hasken da aka gani, ainihin hasken, da nisa. Wanda ya san biyu zai lissafo na ukun. Mai duban taurari kuwa ɗaya kawai yake da shi a hannu.

Akwai kuma matsala ta biyu. Tauraro ba ya aiko da goron gayyata kafin ya fashe. Sau da yawa sai ya yi kwanaki yana ci kafin wani ya lura, ga shi kuwa kwanakin farkon nan su ne suka fi ɗauke da labarin abin da ya fashe.

Ranar 11 ga Nuwamban 1572 Tycho Brahe, ɗan manyan gida a Denmak mai shekara 25, ya ga wani baƙon a arewacin sama. Wasu sun riga shi gani da 'yan kwanaki, amma shi ya fi kowa naci. Ya auna wurinsa dare bayan dare ya nuna ba ya gusawa a tsakanin sauran taurari, ke nan ya fi wata nisa ƙwarai, abin da ya ci karo da koyarwar da aka gada cewa saman can ba ya sauyawa. Abin da ya fi amfanar na baya shi ne lissafin da ya ajiye: a farko baƙon ya yi kafaɗa da Zara, daga baya ya sauko daidai da Mushtari, sannan daidai da wannan tauraro da wancan, launinsa yana tashi daga fari zuwa rawaya zuwa ja, har ya ɓace a Maris ɗin 1574. A 1604 aka ƙara samun wani, wanda ake jingina wa Johannes Kepler, kuma a nan an taki sa'a. Mirrihi da Mushtari sun matso kusa da juna a daidai wannan yanki na sama, jama'a suna kallon wurin kullum, don haka aka kama shi ranar 9 ga Oktoba, kimanin kwana 20 kafin haskensa ya kai ƙololuwa. Shekara huɗu bayan haka aka ƙirƙiro madubin hangen nesa. Tun daga nan kuma ba a sake tabbatar da ganin irin wannan fashewa ba a cikin garken taurarin da ranarmu take ciki. An samu kayan aiki, aikin ya ƙi zuwa.

Hanyar fita ta ɓullo ta wani ɓangare dabam. In aka ratsa da haske ta cikin gilashi mai kusurwa uku, sai ya baje zuwa launukan bakan gizo. Bari mu kira wannan bakan haske. A 1814 Joseph Fraunhofer, maƙerin gilashi a Jamus, ya duba bakan hasken rana da kyau ya tarar da ɗaruruwan siraran layuka masu duhu sun ratsa shi. A 1859 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka gano ma'anarsu: kowane sinadari yana da nasa jerin layuka a wurare sanannu, kamar yadda tsagar fuska ke nuna wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare. Shekara 24 kafin haka masanin falsafar nan na Faransa, Auguste Comte, ya ba da misali da sinadaran taurari a matsayin abin da ɗan Adam ba zai taɓa sani ba. Ya rasu a 1857, saura shekara biyu ya ga an ƙaryata shi.

Layukan ba sunan sinadari kaɗai suke faɗa ba. Kowane launi yana da lambarsa, gwargwadon tsawon zangonsa, ana aunawa da nanomita. In abin da ke ba da haske yana tahowa wajenka, layukan sai su gusa wajen shuɗi. In yana gudu daga gare ka, su gusa wajen ja, kamar yadda jiniyar motar asibiti ke sauya amo in ta wuce ka. Zurfin layi kuma yana da alaƙa da zafin wurin. Sinadari, gudu, zafi, duk a hoto ɗaya.

A watan Agustan 1885 Ernst Hartwig, yana aiki a garin da yau ake kira Tartu a Estoniya, ya ba da rahoton sabon tauraro a tsakiyar wani farin tabo na sama mai suna Andromeda. An leƙa bakan haskensa, ba wanda ya gane komai a ciki. Amma rikicin da ya jawo ya fi ƙarfin layuka. A lokacin ana gardama kan ko Andromeda ɗan hazo ne a cikin garkenmu, ko kuwa wani garke ne mai zaman kansa a can nesa. An san wasu taurari da kan yi walƙiya su lafa, ana ce musu noba. In baƙon 1885 irinsu ne, to Andromeda na nan kusa. In kuwa Andromeda garke ne na biliyoyin taurari, to tauraro ɗaya tilo ya ba da kusan kashi ɗaya cikin goma na hasken garken gaba ɗaya, abin da hankali ya ƙi ɗauka. A muhawarar da aka yi a Washinton a Afrilun 1920, Harlow Shapley yana ɓangaren da ke ganin fitila ce a kusa. Heber Curtis ya ce a'a, mai yiwuwa noba iri biyu ce. Edwin Hubble ya raba gardamar bayan da ya auna nisan Andromeda ta wata hanya daga 1923. Gobara ce a nesa. A ma'aunin yau, hasken Andromeda sai ya yi tafiyar shekara miliyan 2.5 kafin ya iso mu, alhali yana cin kilomita dubu 300 a sakan ɗaya.

Mutum biyu a Kalifoniya suka ɗauki maganar da gaske: Walter Baade, Bajamushe mai haƙuri da aune-aune, da Fritz Zwicky, ɗan Suwizalan mai kaifin ƙwaƙwalwa da kaifin harshe. A 1934 suka wallafa cewa wannan wani aji ne na daban, suka yaɗa sunan sufanoba. Daga 1936 Zwicky ya shiga farautarsu a garkunan nesa da ƙaramin madubi a dutsen Palomar, yana ɗaukar hoton wuri ɗaya sau da yawa yana kwatantawa da ido. A rayuwarsa ya gano kimanin 120. Baade yana bin hawa da saukar haskensu. Rudolph Minkowski, wanda ya baro Jamus a 1935 saboda dokokin 'yan Nazi, shi ke ɗaukar bakansu. A 1941 Minkowski ya duba guda 14 ya ce sun kasu biyu. Tara sun yi kama da juna ƙwarai, babu alamar haidurojin a cikinsu, ya kira su nau'i na I. Sauran biyar suna da haidurojin, ya kira su nau'i na II.

Kamannin nan na 'yan nau'i na I shi ya sa wa mutane kwaɗayi. In duk ƙarfinsu ɗaya ne, kamar ƙwan lantarki daga kamfani guda, to an samu abu na biyu cikin ukun nan, nisa kuma ya zama lissafi. Baade da kansa ya koma kan rubuce-rubucen Tycho a 1945, ya zana yadda hasken 1572 ya sauka wata bayan wata, ya ce wannan nau'i na I ne. A 1968 Charles Kowal ya gwada auna nisan garkuna da su. Hanyar ta yi aiki, amma da kuskure mai faɗi.

Abin ban dariya shi ne duk tsawon wannan lokaci ba wanda ya iya karanta layukan nau'i na I. An san babu haidurojin, ba a san me ke akwai ba. Layukan sun yi faɗi sun narke cikin juna, kuma ba su zauna inda aka saba ganin na kowane sinadari ba. Sai a ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970, ta hanyar aikin Yuri Pskovskii a Mosko da David Branch da wasu, aka warware. Akwai wani rami mai zurfi da ke fitowa kusa da nanomita 615. Ashe layin silikon ne, wanda mazauninsa na asali 635.5 ne. Ya gusa da kusan kashi 3 cikin 100, kuma kashi 3 cikin 100 na gudun haske ya kai kimanin kilomita dubu 10 a sakan. Tarkacen tauraron ne ke tahowa wajenmu da wannan gudu. Tsagar tana nan, fuskar ce ta miƙe har aka kasa gane ta. A tsakiyar shekarun 1980 aka ƙara lura cewa wasu da ake sakawa a nau'i na I ba su da wannan ramin silikon, kuma asalinsu dabam ne. Aka ware su, masu silikon suka zama Ia. Wani ɓangare na kuskuren Kowal daga nan yake: an haɗa awaki da tumaki a awo ɗaya.

Me ke fashewa a nau'in Ia? Tauraro irin ranarmu in ya ƙare makamashinsa yakan bar gawa, dunƙulen kabon da oksijin mai girman duniyarmu amma mai nauyin da ya kusa na rana. Ana ce masa farin wada. Subrahmanyan Chandrasekhar ya lissafa tun a shekarun 1930 cewa irin wannan dunƙule ba zai iya ɗaukar fiye da kimanin ninki 1.4 na nauyin rana ba. In yana da abokin zama da yake zuƙar kaya daga jikinsa, ko suka yi karo da wani wadan, wuta kan kama a cikinsa ta cinye shi cikin 'yan sakanni. Fred Hoyle da William Fowler suka kawo wannan bayani a 1960. Amma zafin fashewar kansa yakan salwance wajen bajewar tarkacen. Hasken da muke gani na makonni daga wani wuri yake fitowa: wutar tana ƙera wani nau'in nikel mara zama lafiya, nikel-56, wanda rabinsa ke rikiɗa ya zama kobal duk bayan kwana 6, shi kuma kobal ɗin rabinsa ke zama ƙarfe duk bayan kwana 77, kowace rikiɗa tana sakin makamashi. Wanda ya fara kawo wannan shawara shi ne Titus Pankey, baƙar fatar Amurka, a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Howard a 1962. Stirling Colgate da Chester McKee suka yi cikakken lissafin a 1969, kuma su aka fi ambata. Ia na yau da kullum takan ƙera nikel da ya ɗan haura rabin nauyin rana, ta yi kwana 17 zuwa 19 tana hawa, a ƙololuwa ta kai hasken rana kimanin biliyan 5.

Sai shekarar 1991 ta zo ta jagula lissafi. A Afrilu aka ga wata, 1991T, wadda ta fi sa'o'inta haske. A bakanta na kwanakin farko ramin silikon da ƙyar ake ganinsa, sai layukan ƙarfe mai tsananin zafi. A Disamba wata mai duban taurari don sha'awa a Japan, Reiki Kushida, ta gano 1991bg, wadda ta gaza na yau da kullum haske da kusan ninki biyar, ta yi ja, ta dushe da wuri, da layukan titaniyam da ba a saba gani ba. Duka biyun Ia ne. Ƙwan lantarkin ashe ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Mark Phillips, yana aiki a cibiyar duban taurari ta Cerro Tololo a ƙasar Chile, ya mayar da wannan cikas ya zama makami. A 1993 ya ɗauki Ia guda 9 da aka auna da kyau, ya duba nawa haskensu ya ragu cikin kwana 15 bayan ƙololuwa. Masu ƙarfi suna dushewa a hankali, raunana suna dushewa da sauri. Ke nan in ka ga saurin dushewa, ka san ainihin ƙarfin. Pskovskii ya faɗi kusan haka tun 1977, amma da hotunan faranti na da, waɗanda hasken garken ke gurɓata awonsu, mutane ba su gamsu ba. Phillips yana da kyamarar lantarki. A ganina ba zalunci ba ne da ƙa'idar ta ɗauki sunansa, tunda shi ya kawo hujjar da ta tsaya, amma tarihin da ya tsallake mutumin Mosko bai cika ba. Misali tara kuwa sun yi kaɗan a gina komai a kansu. Mario Hamuy da José Maza da Nicholas Suntzeff da shi Phillips ɗin suka yi shekaru suna tara wasu a Chile, zuwa 1996 suna da 29 masu kyau, ƙa'idar ta tsaya da ƙafarta.

Hanyar Phillips tana da tsada: sai ka kama tauraron kafin ƙololuwa ko dab da ita, ka bi shi makonni, ga gajimare, ga farin wata, ga layin masu jiran madubi. A 1995 Peter Nugent, yana ɗalibi a Oklahoma, tare da Phillips da Branch da wasu, ya nuna cewa labarin yana rubuce a bakan haske. Kusa da babban ramin silikon na 615 akwai wani ƙarami wajen 580. A masu ƙarfi ƙaramin kusan babu shi. A raunana ya yi zurfi. Raba zurfin wannan da na wancan, ka samu lamba ɗaya da ke bin ainihin hasken. Dalilin kuma a fili yake: nikel mai yawa yana kawo haske mai yawa, yana kuma kawo zafi mai yawa, zafin ne ke sauya layukan. Labarin zuciya a tambayi fuska. A 1998 Adam Riess da Nugent da abokansu suka ɗora a kai: daga bakan dare ɗaya za a iya ƙiyasta kwana nawa suka rage ko suka wuce daga ƙololuwa, da kuma ajin ƙarfin tauraron, sai a haɗa da hasken da aka gani a daren a fitar da nisa, da kuskuren kimanin kashi 10 cikin 100.

A wannan shekarar ce aka ga abin da duk wannan wahala ta haifa. Ƙungiyoyi biyu masu gasa da juna, ɗaya ƙarƙashin Saul Perlmutter da Ia 42 na can nesa, ɗaya ta Brian Schmidt da Riess da guda 16, sun auna don su ga yadda faɗaɗar sararin samaniya ke rage gudu. Sai suka tarar na nesan sun fi yadda ake zato dushewa da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Sun fi nisa ke nan, faɗaɗar ba raguwa take ba, ƙaruwa take. Mutum ukun sun karɓi kyautar Nobel a 2011. Amma a lura da inda maganar ta rataya: cewa tauraron da ya fashe shekaru biliyan da dama da suka wuce irin na maƙwabtanmu ne. Kama da wane ba ta wane. Babbar shaidar da ake da ita cewa iri ɗaya ne ita ce a ɗora bakan na nesa a kan na kusa a ga layi ya hau layi.

Daga nan aikin ya koma irin wanda na sani, na rubuta manhaja. A 2007 Stéphane Blondin da John Tonry suka fitar da SNID, manhajar da ke ɗaukar sabon baka ta gwama shi da rumbun tsofaffi, ta faɗi nau'insa da kwanakinsa. A 2009 wata ƙungiya da ke da cibiya a Berkeley ta sa kwamfuta ta gwada kowane launi biyu a bakan Ia 58, don neman waɗanda rabonsu ya fi bin ainihin haske. Ta fito da nanomita 642 da 443. Ba wani masani ne ya zauna ya yi tunanin waɗannan lambobi ba, laluben inji ne, kuma awon ya yi gogayya da hanyar Phillips. Daga baya suka koma neman tagwaye, wato Ia biyu da bakansu ya zo ɗaya sak, bisa hujjar cewa in fuska ɗaya ce ƙarfi ma ɗaya ne. Zuwa 2021 sun ce kuskuren nisa ya sauko kimanin kashi 3 cikin 100. Duk mai koya wa kwamfuta aiki da misalai ya san inda irin wannan ke yin tuntuɓe: ba ta san komai ba sai abin da ke cikin rumbunta. Rumbun kuwa cike yake da bakan da aka ɗauka wajen ƙololuwa. Na kwana ɗaya ko biyu bayan fashewa 'yan ƙalilan ne, don ba a cika isa wurin da wuri ba.

Shi ya sa daren 24 ga Agustan 2011 ya shiga tarihi. Wani madubi a Palomar yana ɗaukar hotunan sama yana turawa ta intanet zuwa manyan kwamfutoci a Berkeley, su kuma suna cire tsohon hoto daga sabo, manhaja tana tace abin da ya rage. Aikin da Zwicky ya yi da ido ke nan, a dutse guda. Nugent ya duba abin da aka tace ya ga ɗigo a garken M101, mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 21, inda daren jiya babu komai. Cikin sa'o'i aka ɗauki bakansa daga tsibiran Kanari na Sifen. Ia ce, jaririya. An sa mata suna 2011fe.

Ga yadda aka ƙiyasta lokacin haihuwarta. Tarkacen yana bajewa da gudu ɗaya, don haka in lokaci ya ninka biyu faɗin ƙwallon wutar ya ninka biyu, fatarsa ta ninka huɗu, haske ma haka muddin zafin bai sauya sosai ba. Aka bi wannan layi da baya har inda haske ya zama sifiri, ya faɗa yammacin 23 ga Agusta agogon GMT, kimanin sa'a 11 kafin hoton farko. Bakan farkon ya nuna kabon da bai ƙone ba, da oksijin mai gudun fiye da kilomita dubu 20 a sakan. Rashin wani ƙarin haske a sa'o'in farko kuma ya nuna abin da ya fashe bai kai kashi ɗaya cikin goma na faɗin rana ba. Shekara 51 bayan Hoyle da Fowler, an samu shaida mafi kusa da gani da ido cewa farin wada ne. Ko a nan ma bakan haske ya zo da gyara. Wasu da suka bi yadda gudun layukan ke raguwa kwana bayan kwana sun ce fashewar ta riga wancan lissafi da kimanin kwana guda: in nikel ɗin yana binne can ciki, tauraron zai yi ɗan lokaci a tarwatse cikin duhu kafin haske ya ɓullo.

Da wannan ilimi aka waiwayi na da. A 2003 Frank Winkler da abokansa suka auna yadda tarkacen 1006 ke ci gaba da bajewa, suka samu nisan tafiyar haske ta kimanin shekara 7,200, suka ɗauka Ia ce ta yau da kullum, suka juya lissafin. Abin da Ali bin Ridwan ya gani ya fi Zara haske fiye da sau goma, ko da yake bai kama ƙafar cikakken wata ba.

Na Tycho ya fi ban mamaki, don shi ba a tsaya kan zato ba. Hasken 1572 ya bazu ta kowace fuska. Wanda ya nufo mu kai tsaye ya wuce tun zamanin Tycho. Wani kuwa ya nufi gefe, ya yi ɗaruruwan shekaru yana tafiya, ya bugi wani gajimaren ƙura a sararin samaniya, ya karkato wajenmu, kamar amsa-kuwwa daga jikin dutse. Zwicky ya yi hasashen za a iya amfani da irin wannan tun 1940. A 2008 Armin Rest da abokansa suka gano amsa-kuwwar Tycho, a Satumban shekarar kuma Oliver Krause da tawagarsa suka juya madubin Subaru mai faɗin mita 8.2 da ke Hawai suka ɗauki bakanta, ɗan dishi-dishin da ya gaza na asali sau biliyoyi. Ramin silikon yana nan. Sun gwada shi da bakan irin 1991T, bai hau ba. Da irin 1991bg, bai hau ba. Da na yau da kullum, ya hau. Bayan shekara 436 an karanta hasken makonnin farko na tauraron da ya ɓace kafin a ƙera madubin hangen nesa, hukuncin Baade na 1945 kuma ya tabbata.

Yanzu abu biyu cikin ukun sun samu: ainihin ƙarfin daga bakan 2008, hasken da aka gani daga idon mutanen 1572. Krause ya lissafa nisa ya samu tafiyar haske ta kimanin shekara dubu 12. Masu auna bajewar tarkacen kuwa sun fi karkata ga dubu 8 zuwa 10. Giɓin yana iya kasancewa a ƙurar da ke tsakaninmu da wurin, wadda sai an ƙiyasta nawa ta cinye daga launukan da Tycho da mutanen zamaninsa suka rubuta. Yana kuma iya kasancewa a kwatancen da suka yi da Zara a Nuwamban 1572, da ido tsirara, alhali Zara tana wani gefen sama can ƙasa wajen asuba, baƙon kuma yana bisa kansu.